Dagwalon da Yaya Yahuza Ya Cura

Yayana Yahuza marini ne a garin Aujara, ɗan marini, jikan marini. Ya girme ni da shekara goma sha huɗu, don haka Yaya nake ce masa, sunan nan ma sai yau da nake rubutu na iya faɗinsa gatsal. Ni ce Ikilima, autar gidan, wadda aka sa a boko saboda mace ba ta da abin yi a marina. Yanzu ina zaune a Yalwawa cikin Dutse, ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata babbar makaranta. Ina wanke kwalabe, ina auna magunguna, ina hana ɗalibai ƙona yatsunsu. Labarin Yaya zan bayar, amma ba yadda zan cire kaina daga ciki, don da hannuna a abin da ya same shi.

Mahaifinmu, Malam Ɗan'inna, karofi bakwai gare shi a bayan gida, wato ramukan rini masu zurfi da aka dalaye cikinsu don su riƙe ruwa. Tun Yaya yana ɗan shekara takwas yake bakinsu. A nan ya koyi jiƙa ganyen baba, mai ba da shuɗin rini, da toka, da motsa ruwa da doguwar muciya har kumfa ta taso, da gane ranar da rini ya nuna daga warinsa kawai. In kuma rinin karofi ya ƙare, ruwan ya mutu, sai a kwashe shi, a tarar da taɓo mai duhu a kwance a gindi. Dagwalo ake ce masa. Ba a zubar da shi. Ana kwasowa da hannu, a cura kamar curin fura, a jera a ƙasa a rana, in ya bushe a ƙona ya zama katsi, da katsin nan ake haɗa sabon rini. Baba mutum ne mai haƙuri, amma na taɓa ganin ya bi Yaya da tsumagiya har ƙofar gida saboda ya bar dagwalo rabin kwano a cikin kwata. Ina ƙarama sosai lokacin, abin da na riƙe shi ne Yaya bai yi kuka ba, ya koma ya kwashe ya cura.

Kafin in gama firamare rinin baba ya fara mutuwa. Atamfa ta cika kasuwa, yadin kanti ya yi araha, wa zai jira sati biyu a rina masa zane? Baba ya rasu, karofi shida suka cika da shara da kansu. Na bakwai ne Yaya ya rufe da fallen kwano ya ɗora dutse a kai, bai gaya wa kowa dalili ba. Shi kuma ya koma rinin zamani, garin kala da ake kawowa daga Kano a leda, a dafa shi a rabin ganga tare da soda. Kayan da ake kawo masa ba na alfarma ba ne. Hijaban 'yan Islamiyya da suka koɗe, farar shadda da ta yi jaja-jaja, zanen tsohuwa da take so a mayar mata baƙi. Shekara talatin da wani abu yana wannan.

Mutum ne da magana take masa tsada. Ba ya zaman majalisa, ba ya musu, in ka zage shi sai ya dube ka kamar yana jiran ka gama ya koma bakin gangarsa. Ni kuwa Allah ya zuba min baki, duk abin da aka rage masa ni aka ba. Matarsa Larai takan ce zama da Yaya kamar zama da randa ne, akwai sanyi amma ba hira. 'Ya'yansa maza biyu ba wanda ya tsaya a sana'ar, shi ma bai ce su tsaya ba. Amma duk asuba, kafin ya karya, sai ya hura wuta a ƙarƙashin ganga ko da kaya ko babu. Ban taɓa jin ya ce yana son rini ba, kuma ban san wani abu da yake da shi a duniya ban da shi ba.

Matsalar ruwa ce. In ya gama dafa kaya, sai ya tuntsurar da ganga, ruwan ya bi kwata ya gangara kududdufin da ke ƙasan unguwa. Yau shuɗi, gobe ja, jibi wani launi da ba shi da suna. A kududdufin nan dabbobin unguwa suke sha, nan ake buga tubali, nan yara suke wanka in manya ba sa gani. Shekara da shekaru ana gunaguni a bayan idonsa. Sai damunar waccan shekara kududdufin ya tumbatsa ya kusa taɓa rijiyar masallaci, yara kuma suka yi ta ƙaiƙayin jiki. Ko ruwan Yaya ne ya jawo ƙaiƙayin ko ba shi ba, Allah masani, amma nasa ne mai launi, nasa ake gani. Duba-gari ya zo ya duba. Da bazara ta kama, Mai unguwa ya tara mutane ya kira Yaya, ya ce masa kafin ruwan farko ya sauka, ko dai ruwan marina ya riƙa fita fes, ko kuwa a kashe wutar ganga gaba ɗaya.

Mutum ɗaya ce ta ƙi sa baki a ƙarar. Dada, tsohuwar da katangarta take jingine da tamu, ƙawar mahaifiyarmu, ita ta yi mata wankan jegonmu duka. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yarta ɗaya tana aure can wajen Taura. Awaki huɗu gare ta, su ne dukiyarta, su ne kuma abokan hirarta, don har faɗa take musu kamar jikoki. Da aka aika mata ta faɗi nata, sai ta ce shekara hamsin tana maƙwabtaka da marina, awakinta suna shan ruwan nan suna haihuwa, ita ba ta da ƙara.

Yaya bai gaya min komai ba. Larai ce ta kira ni a waya tana magana ƙasa-ƙasa. Ranar Asabar na hau mota na tafi, raina a ɓace, na same shi zaune bakin ganga yana juya hijabai da sanda, ko a jikinsa. Na tambaye shi me ya shirya, ya ce Allah na nan. Na ce ai kowa ya san Allah na nan, ni shi nake tambaya. Ya ci gaba da juya hijabai. Wallahi da ƙanina ne da na ƙwace sandar. Na koma Dutse ina ta sababi ni kaɗai a cikin mota har wata mata ta tambaye ni ko lafiya.

Abin takaici, maganin yana gabana kullum ban gani ba. Shugabar ɗakinmu, Dokta Safina, ta yi shekara biyu ita da ɗalibanta suna aiki a kan wani abu da ake kira haidirojel, mu dai jel muke cewa. Sitatin rogo ne, irin wanda masu guga suke sa wa kaya. Ana dafa shi da wasu magunguna guda biyu har ya ɗaure ya zama kamar kafaffen kunu, a yanka, a busar, a niƙa ya koma tsaki-tsaki. In ka barbaɗa tsakin nan a ruwa mai rini, sai ya sha ruwa ya kumbura ya ninka kansa sau da yawa, ya ja launin ya riƙe a cikinsa, ya kwanta a gindi. Ruwan sama ya washe. Ni nake auna musu sitatin, ni nake wanke kwalaben in sun gama, sau ɗari ko fiye, amma ban taɓa haɗa shi da kwatar gidanmu ba. Boko ke nan, mutum yana tsaye a kan abu yana nemansa.

Na sami Dokta na zayyana mata. Ta yi murna har ta ba ni kunya, ta ce dama ta gaji da gwaji a kwalba, tana son ganin abin a ruwan gaske. Kwana uku muna dafawa muna busarwa, muka sami kamar kwano uku na tsakin. Na ƙulle a buhu na kai Aujara.

Da farko a kwalba na nuna masa. Na ɗebi ruwan ganga, baƙi wuluk da ɗan shuɗi-shuɗi, na zuba cokali ɗaya na girgiza na ajiye a kan dakali. Muka yi sallar azahar muka ci abinci. Da muka dawo, ruwan ya koma kamar shayi marar ƙarfi, a gindi kuwa ga wani abu shuɗi ya kumbura yana rawa. Yaya ya ɗaga kwalbar ya daɗe yana kallo.

"Rogo dai, rogon da muka sani?" ya ce.

Na ce shi fa. Sai ya yi dariya, gajeriya, irin wadda rabona da ji tun Inna tana da rai.

Sauran abin da ya rage shi ne inda za a tara ruwan mako guda ya kwanta. Ina maganar a sayo tankin roba, sai ya tashi ya je ya ture dutsen nan ya ɗaga fallen kwano. Karofin Baba na nan yadda yake, ƙadangaru ne kawai a ciki. Ya shiga ya share, muka zuba ruwa bokiti goma muka jira, bai tsotse ko kaɗan ba. Daga ranar, maimakon ya tuntsurar da ganga a kwata, sai ya kwashe ruwan ya zuba a karofi, ya barbaɗa tsaki, ya motsa da tsohuwar muciya, ya bar shi ya kwana. Washegari a ɗebi na sama, in da sauran launi a ƙara tsaki.

Ni duk hankalina yana kan ruwan. Na san launi ya fita amma soda tana nan a ciki, kuma na san mutanenmu, in ruwa ya yi fari to ya tsarkaka ke nan. Na yi ta nanata masa cewa kada a sha, kada a yi alwala, kada a ba dabba. Na ba shi garin tsami da zai zuba ya kashe kaifin sodar, na ba shi 'yan takardun da ake tsomawa su canza launi, na nuna masa launin da in ya gani zai iya sakin ruwan a kwata. Na sa ya yi a gabana sau uku kamar ɗan aji ɗaya. Na kira Larai na maimaita mata. Har sai da ya ce, "Na ji, Ikilima," wanda a wurin Yaya wannan tsawa ce.

Abin da ya kwanta a gindi kuwa, jel ɗin da ya sha rini, magana ɗaya na yi a kansa. Ƙafata ɗaya tana cikin mota na ce masa kada ya zuba a kwata, ya tara min, zan zo in kwashe. Shi ke nan abin da na faɗa. A wurin aikinmu abin bai wuce cokali biyu ko uku ba, a jefa a bokiti mai murfi, a ƙarshen mako a kai tanderu a ƙone. Ban zauna na yi tunanin kwano uku in sun kumbura baho nawa za su cika ba. Ban gaya masa in ya bushe zai sake kumbura in ya sami ruwa ba. Ni na sani, shi bai sani ba.

Aikin ya tafi daidai. Larai tana kira na tana cewa kwata ta yi fari, mata suna leƙowa ta katanga su gani. Asabar ta zagayo ban je ba, muna jarrabawa a makaranta. Ta gaba ma ban je ba, 'yata ba ta da lafiya. A can kuwa zafin bazara ya sa jel ɗin da Yaya ya tara a baho ya fara tsami, ƙuda suka cika gida, bahunan Larai duk sun ƙare, tana mita. Daga baya ne na ji yadda aka yi. Ya shiga karofi da safe zai kwashe na gindi, ya cika hannu biyu da abu mai sanyi, mai santsi, mai duhu, a gindin karofin da ya yi ƙuruciyarsa a ciki. Ya fito ya cura. Ya cura na bahunan ma, ya jera su layi-layi a fili a bayan katanga, a daidai wurin da Baba yake jera nasa. A ganinsa ya kyauta min, zan zo in tarar da kaya busasshe marar nauyi, kuma bai zuba a kwata ba.

Dagwalon da ya sani toka ce da ɗaci, ko akuyar da yunwa ta kusa kashewa ba ta kallonsa. Shekara da shekaru ana shanya shi a wurin nan babu shinge, ba a taɓa ko tunanin shinge ba. Wannan kuwa rogo ne. Kuma rani ne, ba a fara ɗaure dabbobi ba tunda babu shuka a gona, awakin unguwa suna yawo duk inda suka ga dama.

Ranar Alhamis aka sa duba-gari zai dawo. Na nemi izini a wurin aiki na taho da sassafe, kai tsaye na shige bakin karofi, ban zagaya bayan katanga ba. Hadari ya fara haɗuwa a gabas kwana biyu, kowa ya san ruwa ya kusa. Duba-gari ya zo da Mai unguwa da dattijai uku. Yaya ya ɗebo ruwa a kwalba, ya tsoma takarda a gabansu. Duba-gari ya ɗaga kwalbar a rana, ya shinshina, ya tambaye ni tambayoyi na amsa masa har da ƙari. Muka rankaya gaba ɗaya muka bi kwata har kududdufi, har Larai da maƙwabta. Bakin kududdufin da sauran tsohon launi a jikin laka, amma abin da ke gangarowa fari ne. Duba-gari ya ce in haka za a ci gaba ba shi da magana. Mai unguwa ya miƙa wa Yaya hannu ya ce a ci gaba da aiki, Allah ya yi albarka.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ji kaina ya yi girma. Na zauna a tsakar gida ina cin ɗanwake ina tsokanar Larai cewa yanzu sai ta riƙa ce min Dokta.

Bayan azahar Dada ta aiko a kira Yaya. Muka shiga tare. Awakinta huɗu suna kwance a gindin bishiyar darbejiya, cikinsu ya kumbura tim, suna numfashi da ƙyar, ɗaya tana ta shure-shure. Ta ce da hantsi sun dawo sun sha ruwa sosai, fiye da yadda suka saba, daga nan suka kwanta. Na duƙa na buɗe bakin babbar, na ga harshenta shuɗi. Na miƙe na fita na zagaya bayan katanga. A lokacin na fara ganin curin. Layi shida ne ko bakwai, an jera su tsaf, duk girmansu ɗaya, sun bushe sun ƙanƙance. Layi biyu na gefe babu su, sai ɓarɓashi da sawun kofato. Lokacin da muke can bakin kududdufi ana sa albarka suka ci.

Na san abin da ke faruwa a cikinsu, na sha ganinsa a kwalba. Aka ɗura musu man gyaɗa, aka ɗura kanwa, ban hana ba duk da na san ba abin da zai yi. Aka buga wa malamin dabbobi waya, yana wani ƙauye mai nisa, ya ce sai yamma. Wani dattijo ya ce a kira mahauci kafin su zama mushe. Dada ta gyaɗa kai. Kafin mahaucin ya iso ƙaramar ta mutu. Ya yanka ukun a jere a nan gindin bishiyar, ya feɗe babbar, da ya tsaga tumbin sai abin ya ɓullo, shuɗi, yana sheƙi, ya cika tumbin dam har ya toshe hanya.

Mutane sun taru a zaure da tsakar gida. Yadda aka saba, in tsautsayi ya sa an yanka dabbar mutum, maƙwabta sukan ɗauki naman kashi-kashi don mai ita kada ya tashi a tutar babu. Har an kawo faranti. Mahaucin ya ce tumbi da hanji ne kawai za a zubar, tsokar lafiyarta ƙalau. Kowa ya juyo yana kallona, ni 'yar boko mai magani. Ban san iyakar abin da ya shiga jininsu ba, na dai san abin da ke cikin garin kala da magungunan da muka dafa sitatin da su.

"Kada kowa ya ci," na ce. "A binne su duka."

Ba wanda ya yi min musu. Aka mayar da faranti. Aka haƙa rami a bayan gari aka kai su a baro, huɗun, har fatun. Ni na kwashe sauran curin a buhu da hannuna.

Dada ba ta yi kuka ba. Tana zaune a kan turmi da ta kifa, tana kallon wurin da jini ya jiƙa ƙasa. Yaya yana tsaye a bakin ƙofarta tun da aka fara yanka, bai matsa ba. Can ta ɗago ta dube shi ta ce, "Yahuza, je ka yi la'asar, lokaci yana wucewa." Ya juya ya tafi.

Na ɗauka in mun koma gida zan sauke masa kwandon masifa, don na saba. Na buɗe baki ban sami komai a ciki ba. Ba haushi, ba tausayi, ba kuka, jikina kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta. Na wanke hannu, na yi sallah, na hau motar ƙarshe ta yamma. Washegari na je aiki na wanke kwalabe. Haka na yi kwanaki, ina ci ina sha ina amsa gaisuwa, in an ba da labarin dariya in yi.

Abin da ya biyo baya Larai ce take gaya min a waya. Mai unguwa ya zo har gida ya ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa, maganar da aka yi da safe tana nan, a dai kewaye wurin shanya. Dada ma ta aiko cewa kada ya kuskura ya bar sana'ar ubansa saboda dabba. Yaya ya ja akuyar Larai ya kai mata, ta sa aka dawo da ita, ta ce ta tsufa da fara sabo da wata akuya. Ba wanda ya zage shi, ko a bayan ido Larai ba ta ji ba. Amma tun ranar bai hura wuta ba. Kayan mutane da ke hannunsa ya bi gida-gida ya mayar, wasu ba a rina ba. Ruwan farko ya sauka ranar Talata, aka ɗaure dabbobi.

Na gaya wa Dokta Safina duk yadda aka yi. Ta ce laifinmu ne mu biyu, ya kamata tun farko a ba shi abin zubawa mai murfi. Ta sa aka ba ni ganga ta roba mai murfin dunƙulewa, muka sake dafa tsaki kwano uku. Na rubuta ƙa'idoji a takarda da manyan baƙaƙe, na farko shi ne kada a shanya. Ranar Asabar na ɗora ganga a bayan mota na tafi.

Na same shi a bayan gida da kwandon ƙasa a ka. Karofin ya cika da ƙasa ya wuce rabi. Yana haƙo ƙasa daga tsohon juji, ya ɗauko, ya juye, ya koma. Ya amsa gaisuwata bai tsaya ba. Na ajiye ganga a gabansa na fara bayani, na ce ga murfi, ga takarda, ruwan ya fita, duba-gari ya yarda, Mai unguwa ya yarda, ita kanta Dada ta yarda, ni ce ban faɗa masa abin da ya kamata ba. Na ce abin ya yi aiki, da idonsa ya gani. Ina magana ina jin muryata kamar ta wata.

Ya sauke kwando ya zauna a bakin karofin.

"Ya yi aiki," ya ce. "Ni ma na gani."

Na ce to me ya sa.

"Ranar da na cura su, ban yi shawara da kaina ba, Ikilima. Ban ce bari in yi kaza ba. Sai ganinsu na yi a jere, na ma ji daɗi. In kin bar min wannan, yau zan tuna, gobe zan tuna. Wata rana zan shiga ramin nan in fito in tarar na cura."

Na ce ba zai yi ba. Ban ƙara ba, don ni ma ban tabbata ba. Ta kan katanga ina hango tsakar gidan Dada, ta share wurin turakun awakin tas, tana zaune ita kaɗai tana tsince wake.

Ya miƙe ya ɗauki kwandonsa. Akwai wani tsohon baho a gefe, cikinsa da sauran shuɗi. Na tuɓe mayafi na ɗaura a ƙugu, na ɗauki bahon na bi shi juji. Muka yi ta kai da kawowa har ƙasa ta kawo bakin karofin. Ya ce in tattake ɓangarena sosai kada ruwa ya zauna a wurin, na tattake.